Babi Na Biyar: Maɗin Ɓaure Da Ruwan Khal

Ashe ruwan khal, wannan abu mai kaifin wari da muka saba gani a kantunan magungunan Musulunci ko a hannun masu haɗa latas da kabeji, ana iya mayar da shi abin sha na marmari, har a fito wa baƙo da shi? Wannan ita ce tambayar da kusan kowa yakan fara yi idan aka gaya masa akwai ƙasashen da tun zamanin da suke haɗa khal da sukari da 'ya'yan itace, su ɗura a kwalba, su riƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan cikin ruwan sanyi idan zafi ya matsa. Tambaya ce kuwa mai kan gado, domin wanda ya taɓa kurɓar khal zalla, ya ji yadda ya yaƙushe masa maƙogwaro har ya sa shi tari, ba shi da laifi idan ya zaci mai maganar wasa yake yi masa da hankali. Amsar dai ita ce ana iya, kuma idan aka kiyaye awo, aka ba abin kwanakin da yake bukata, sai a sami maɗi wanda zaƙinsa ba ya gundura, tsaminsa kuma ba ya cizo. Na zaɓi in fara bayanin da ɓaure, saboda a cikin 'ya'yan itacen da na sani babu wanda ya kai shi bukatar khal, kamar yadda za mu gani.

Daga ina al'adar ta fito?

Tsofaffin likitocin Yunan, irin su Bukraɗu da Jalinusu, sun san haɗin zuma da khal, suna ba masu tari da masu zazzaɓi. Sojojin Rumawa kuwa abin shansu na yau da kullum a fagen fama khal ne da aka sirka da ruwa. Amma waɗanda suka ɗauki abin suka kyautata shi, har ya tashi daga matsayin magani mai wuyar haɗiya ya koma abin sha na jin daɗi, su ne mutanen Farisa da Larabawan zamanin daular Abbasiyya, waɗanda ke kiransa sikanjabin. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya ambace shi a wurare da dama cikin littafinsa Alƙanun, kuma a wani littafin girki na Andalus da aka rubuta a ƙarni na 13 akwai ƙa'idar yinsa a sauƙaƙe, watau awo ɗaya na khal mai ƙarfi da awo biyu na sukari, a dafa har ya yi kauri. Har gobe a Iran, idan bazara ta kama, mata sukan dafa shi da ganyen na'ana'a, a sirka da ruwa, a goga kokwamba a ciki, ko kuma a zuba shi da kaurinsa a ƙaramin kwano a riƙa tsoma ganyen latas ana ci.

Sanya 'ya'yan itace a ciki da niyyar adana su ya fi shahara ne a Ingila da Amurka, a ƙarni na 18 da na 19, inda suke kiransa shirab. Dalilinsu a fili yake: ƙasashe ne da 'ya'yan itace ke nuna gaba ɗaya cikin 'yan makonni, sa'an nan sanyi ya zo ya rufe kome, ga shi kuwa a lokacin babu firiji, saboda haka matan gida suka riƙa jiƙa abin da suka tsinka cikin khal, su tace, su dafa da sukari, su ajiye. Manoman Amurka masu yankan ciyawa ma suna da irin nasu, na khal da citta da baƙin ruwan rake, wanda ake kai musu gona da tsakar rana. Da firiji da lemon kwalba suka yawaita a ƙarni na 20 sai aka yi watsi da abin, bai sake farfaɗowa ba sai a 'yan shekarun nan. Ya kamata mai karatu ya sani cewa akwai wani abin sha na Ingila mai irin wannan suna da ake haɗawa da barasa. Wannan ba shi muke nufi ba, kuma ba mu da hulɗa da shi a littafin nan.

Hukuncin khal

Musulmi mai tsantseni ba zai sa abu a bakinsa ba sai ya san hukuncinsa, balle abin da ya ji an ce asalinsa yana da nasaba da giya. Gaskiya ne kowane khal sai ya bi ta matakai biyu: da farko yisti ya cinye sukarin da ke cikin ruwan tuffa ko dabino ko rake ya mayar da shi barasa, sa'an nan wasu ƙananan halittu masu bukatar iska su cinye barasar su mayar da ita tsami. Masanin nan na Faransa, Luwi Fasto, shi ya bayyana aikin waɗannan halittu dalla-dalla a shekarar 1864. Idan mataki na biyu ya cika, abin da ke bugarwa ya tafi, sunan abin da ɗabi'arsa duk sun sauya.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi mahaɗin abinci wurin iyalinsa, aka ce babu kome sai khal, ya sa aka kawo, ya ci da shi, ya kuma yabe shi. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi a kan cewa abin da ya rikiɗe ya zama khal da kansa mai tsarki ne, halal ne. Saɓaninsu yana kan wanda ya ɗauki giya da gangan ya jefa mata wani abu don ta juye: Hanafawa sun halatta, Shafi'awa da Hambalawa sun hana, daga Imamu Malik kuwa an sami ruwaya fiye da ɗaya. Wanda yake son ya fita daga saɓanin sai ya nemi khal na tuffa ko na dabino ko na rake, ya bar wanda aka rubuta a kwalbarsa cewa daga giyar inabi aka yi shi.

Akwai wata mas'ala kuma da ta fi wannan kusa da mai aikin, wadda littattafan Turawa ba su cika kula da ita ba saboda sanyin ƙasarsu. 'Ya'yan itace da aka yanka aka barbaɗa wa sukari, idan aka bar su cikin ɗumi, yistin da ke jikin ɓawonsu yakan farka ya fara aikinsa, har a ga kumfa tana tasowa, wari ya sauya. A garin da zafin rana ke kai maki 40 a watan Afrilu wannan ba ya ɗaukar kwanaki da yawa. Magabata sun san haka, shi ya sa aka ruwaito cewa ba a barin jiƙon dabino ko zabibi ya wuce kwana uku. Duk hanyoyin da zan kawo a ƙasa na tsara su ne yadda khal zai riski ɓauren tun yisti bai sami zarafi ba, domin yawan tsami da yawan sukari, idan sun haɗu, suna danne shi.

Me ya sa ɓaure?

Ɓaure itace ne mai daraja, wanda Allah Maɗaukaki Ya yi rantsuwa da shi a farkon Suratut Tin, kuma yana cikin itatuwan da ɗan Adam ya fara shukawa: a shekarar 2006 masu tonon kufai suka ba da rahoton ƙonannun 'ya'yan ɓaure da aka samu a Gilgal, kusa da Yariko a kwarin Urdun, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da kimanin 11,400. Amma duk da darajar tasa yana da aibi biyu a wurin mai son adana shi.

Na farko, ba ya haƙuri. Ayaba ko mangwaro ana iya tsinko su ɗanyu su ƙarasa nuna a ɗaka, shi kuwa ɓaure in an raba shi da reshensa zaƙinsa ya tsaya ke nan, don haka dole a bar shi ya nuna a bishiya, kuma da zarar ya nuna, fatarsa ta yi laushi, bakinsa ya fara tsagewa, kwana biyu ko uku ne tsakaninsa da lalacewa in babu sanyi. Wannan ne ya sa mafi yawan ɓauren da ke ƙetare iyakar ƙasashe busasshe ne. Turkiyya, wadda ta fi kowace ƙasa nomansa, tana noma fiye da tan 300,000 a shekara, kuma kaso mai yawa na abin da ake nomawa a lardin Aidin shanya shi ake yi.

Na biyu, shi ne wanda ya fi shafar maganarmu, ɓaure zaƙi gare shi ba tsami. A cikin giram 100 na nunannen ɓaure akwai sukari kimanin giram 16, a busasshe kuwa ya kusa giram 48, amma ɗan tsamin nan da ke sa lemo ko abarba su wartsakar da mai ƙishirwa, shi bai samu ba sai kaɗan ƙwarai. Masu ilmin sinadarai suna da wani ma'aunin tsami wanda lamba 7 ce tsakiyarsa, kuma duk yadda lamba ta yi ƙasa to tsami ya ƙaru. A kan wannan ma'auni galibin 'ya'yan itace suna tsakanin 3 da 4, ɓaure kuwa yana tsakanin 5 da 6. Muhimmancin wannan shi ne, akwai wata ƙwayar cuta mai haifar da mummunar guba a cikin abincin da aka rufe a kwalba ko gwangwani, wadda ba ta iya tsiro idan ma'aunin ya yi ƙasa da 4.6, shi ya sa hukumomin aikin gona na Amurka suke umartar duk mai ɗura ɓaure a kwalba ya ƙara masa ruwan lemon tsami. Khal na kanti, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, yana wajen 2.5 zuwa 3. Ke nan abin da ɓaure ya rasa wajen ɗanɗano da abin da ya rasa wajen kariya duk abu guda ne, kuma khal yana ɗauke da shi. Shi ma khal a nasa ɓangaren, da yake kaifi ne tsantsa babu jiki, yana samun kauri da ƙamshi da launi ja mai duhu daga ɓauren, abin da sukari kaɗai ba zai ba shi ba.

Zaɓen ɓaure da zaɓen khal

Ɓauren da littattafan ƙasashen waje ke nufi shi ne na yankin Bahar Rum, mai taushi, mai jan ciki ko ruwan zuma. Wanda ke tsirowa a bakin rafuka da fadamun ƙasar Hausa ɗan'uwansa ne, irin wanda Misirawa ke kira jummaiz, kuma bai kai wancan ruwa da zaƙi ba. Kowa ya san in aka ɓare shi sau da yawa akan tarar da ƙananan ƙwari a ciki. Waɗannan ba alamar ruɓa ba ne, su ne masu kai wa itacen barbarar fure, domin abin da muke kira ɗan ɓaure a haƙiƙa tarin furanni ne da suka juya ciki suka rufe kansu, babu mai isa gare su sai ta ɗan ƙaramin bakin nan. Ana iya yin maɗi da na gida, da sharaɗin a tsaga kowane ɗaya, a kakkaɓe, a wanke, a bi hanyar dafawa, a kuma ƙara sukari. Amma ga wanda zai fara, shawarata ya fara da busasshen ɓauren da ake sayarwa tare da dabino da zabibi, in kuwa ya dace da nunanne na Bahar Rum, to ya sami abin nema.

Nunanne nagari shi ne wanda ya yi laushi a hannu, wuyansa ya lanƙwashe, ba ya warin tsami. Wanda ya ɗan tsage ko ya motse bai ɓaci ba, hasali ma shi ya fi zaƙi, kuma tun asali don ceton irinsa aka ƙirƙiri wannan aiki. Wanda ya yi funfuna kuwa a zubar, kada a ce za a yanke wurin a yi amfani da saura. A cire hancin, domin farin ƙaron da ke fita daga nan yana da ɗaci, yana kuma sa wa wasu ƙaiƙayi a fata.

Game da khal, na fi son na tuffa, wanda masu kanti ke kira khal tuffa, saboda tsaminsa da sauƙi, kuma yana da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace da ke tafiya da ɓaure. Farin khal yana aiki, sai dai kaifinsa tsirara ne, yakan daɗe bai kwanta ba. Turawa suna son haɗa ɓaure da baƙin khal na garin Modena a Italiya, mai kauri da zaƙi, amma ko a wurinsu cokali biyu ko uku ake sawa cikin wani khal ɗin, don in ya yi yawa sai ya binne ɓauren, ga shi kuma na kasuwa galibi ana haɗa shi da khal na giyar inabi. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne a duba kwalba a tabbata an rubuta kashi 5 cikin ɗari. Wanda bai kai haka ba kariyarsa ta yi rauni, wanda kuma ya kai kashi 20 ko 25, irin da ake sayarwa don wanke-wanke, haɗari ne ga baki da hanji.

Hanyar sanyi

Ƙa'idar da aka saba ji ita ce awo ɗaya na 'ya'yan itace, awo ɗaya na sukari, awo ɗaya na khal. Ƙa'ida ce mai kyau ga abubuwa masu tsami, amma ga ɓaure ta yi zaƙi da yawa, don haka nake rage sukarin. A nemi nunannen ɓaure giram 500, sukari giram 350, khal mililita 400.

A wanke ɓauren, a bar shi ya tsane, a yanka kowane gida huɗu, a zuba cikin kwalba mai faɗin baki ko kwanon tangaran, a juye sukarin a kai, a ɗan dandanna da cokalin katako har fatar ta fashe, sa'an nan a rufe a sa cikin firiji. Kashegari in an buɗe za a tarar sukarin ya jiƙe ya zama ruwa mai yauƙi, alhali ba a zuba ko ɗigon ruwa ba. Duk macen da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga ta yi gumi ta san wannan sirri: ruwa yakan bar inda abin da ya narke a cikinsa ya yi kaɗan ya nufi inda ya yi yawa, sukarin da ke waje kuwa ya fi na cikin ɓauren yawa, saboda haka yake jawo ruwan, ruwan kuma ya fito da ƙamshi da launi tare da shi, ba tare da wuta ta taɓa su ba.

A nan ne ɓaure ya bambanta da sauran. Da wani ɗan itace ne mai yawan ruwa, da sai a tace a wannan mataki a zuba khal cikin ruwan da aka tace. Shi kuwa ɓaure ruwansa kaɗan ne, yana kuma da wani sinadari mai sa kauri, irin wanda ke sa jam ya daskare, don haka in aka yi gaggawar tacewa rabin alherin zai tafi cikin ƙyalle. Abin da ya fi shi ne bayan kwana ɗaya ko biyu a zuba khal ɗin a kan ɓauren yadda yake, a juya sosai har sauran sukarin da ya kwanta a gindi ya narke, a mayar cikin firiji ya ƙara kwana uku, ana girgiza shi sau ɗaya kullum. Sa'an nan a tace da rariya, a sake tacewa da farin ƙyalle mai tsabta saboda ƙananan ƙwayoyin nan, a matsa a hankali. In aka matsa da ƙarfi maɗin zai yi duhu-duhu da laka. Ba ya cutarwa, sai dai ba ya kyan gani a kofi.

Wanda ba shi da firiji, ko wanda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu, kada ya bar ɓaure da sukari su kwana su kaɗai. Ya haɗa duka ukun tun sa'ar farko, ya tabbata khal ya rufe ɓauren, ya ajiye kwalbar a gindin randa ko wani wuri mafi sanyi a gidan, ya tace bayan kwana uku.

Sai kuma abin da ya fi wuya, watau jira. Wanda ya ɗanɗana maɗin ranar da aka tace shi zai ji khal ne a gaba, ɓaure na can baya, har ya yi zaton aikin ya ɓaci. Bai ɓaci ba. A rufe kwalbar a ƙyale ta mako guda, in da hali biyu, domin a cikin waɗannan kwanaki kaifin yakan kwanta, zaƙi da tsami su saje, ƙamshin ɓauren ya fito gaba. Na ga mutane da dama sun yanke wa wannan abin sha hukunci tun ranar farko, suka ƙara masa sukari har suka kashe shi, kuma ina ganin da sun yi haƙurin mako ɗaya da ba su taɓa shi ba.

Hanyar wuta

Wannan ta fi sauri, ta kuma fi dacewa da ɓauren gida da lokacin tsananin zafi. A zuba ɓaure da sukari bisa awon da ya gabata cikin tukunya, a ƙara ruwa mililita 250, a ɗora a kan wuta marar ƙarfi minti 15 zuwa 20, har ɓauren ya narke. A sauke, a bari ya huce, a zuba khal, a tace. Mutanen Iran sukan dafa khal ɗin tare da sukari, kuma hakan yana rage masa kaifi, amma yana tafiya da ƙamshinsa, tururin kuma yana shiga ido. Maɗin wuta ya fi kauri, ɗanɗanonsa na dafaffen abu ne mai kama da alewa, na sanyi kuwa yana riƙe da ɗanɗanon ɓauren kamar yanzu aka tsinko shi. In an ba ni zaɓi na sanyi zan ɗauka.

Busasshen ɓaure

Tun da shi ne mafi sauƙin samu, ya cancanci a ba shi awonsa dabam. Giram 250 ya isa, domin bushewa ta tattara zaƙinsa. A tsaga kowane ɗaya a duba cikinsa kafin a yanka: farin garin da kan fito a bayansa galibi sukarinsa ne da ya tsattsafo, babu laifi, amma wanda cikinsa ya yi baƙi, ko yake warin ruma, a jefar. Ba ƙaramar magana ba ce, don funfunar busasshen ɓaure tana iya ɗaukar guba mai cutar da hanta, shi ya sa a masana'antun Turkiyya ake bi da shi ta cikin ɗaki mai duhu ƙarƙashin wata fitila ta musamman, wanda ya kamu ya yi ƙyalli a tsince shi. A zuba wa yankakken ɓauren tafasasshen ruwa mililita 300, a rufe sa'a biyu ko uku har ya kumbura, a ƙara sukari giram 150 da khal mililita 400, a bar shi kwana huɗu ko biyar a wuri mai sanyi, a tace. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, ɗanɗanonsa ya fi na nunanne nauyi, yana kusa da na dabino.

Abin da ya rage a ƙyalle kada a zubar. A ɗan dafa shi da cokali biyu na sukari, a shafa a burodi, ko a ci da gasasshen nama.

Kayan ƙamshi

Ɓaure ƙamshinsa mai kunya ne, abu kaɗan ke rufe shi. Yanki biyu na ɗanyar citta, ko sandar kirfa guda, ko ɓawon lemon zaƙi da aka fere ba tare da farin cikinsa ba, kowanne yana yi masa kyau, amma a zaɓi ɗaya, a sa shi lokacin da aka zuba khal. Kanumfari ƙwaya biyu sun isa, na uku ya mayar da shi magani. Ana iya musanya rabin sukarin da zuma a hanyar sanyi, sai dai kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba abin da aka sa wa zuma.

Ajiya da sha

Khal yana cin ƙarfe. Kada a yi aikin a tukunyar dalma ko ta tagulla ko ta baƙin ƙarfe, domin tsamin zai kankaro su ya zuba cikin abin sha. A yi amfani da kwalba, ko tangaran, ko tukunyar ƙarfen nan marar tsatsa. Kwalbar ajiya a tafasa ta minti 10, a kife ta bushe, in murfinta na ƙarfe ne a sa leda mai tsabta tsakani. A cikin firiji maɗin yana kai wata uku lafiya. In babu firiji, gara a riƙa yin kaɗan-kaɗan, wanda za a shanye cikin mako biyu. Duk ranar da aka ga funfuna a samansa, ko aka buɗe murfi aka ji ya yi tsaki da iska, a haƙura da shi.

Wajen sha, awo ɗaya na maɗi ne da awo biyar na ruwan sanyi, watau babban cokali biyu a kofi guda, mai so ya sa ƙanƙara ko ruwan soda. Da wannan lissafi abin da aka samu daga rabin kilo na ɓaure zai ba da fiye da kofi 15. Ga mai buɗa baki da azumi, ya fi kyau ya fara da dabino da ruwa, ya ɗan taɓa abinci, kana ya sha, don tsami a kan cikin da ya wuni babu kome ba kowa yake ɗauka ba. Mai gyambon ciki ya yi hattara, mai ciwon sukari ya tuna kaso mai yawa na abin da ke kwalbar sukari ne, kowa kuma ya kurkure bakinsa da ruwa bayan ya sha, saboda yawan tsami yana zaizaye haƙori. Ana yawan jingina wa khal warkar da cututtuka iri-iri, har wasu su ce yana narkar da ƙiba, amma ni ban kawo shi nan da sunan magani ba, na kawo shi ne a matsayin abin sha mai kashe ƙishirwa, wanda mutum ya san duk abin da ke cikinsa tun da hannunsa ya haɗa.

Duk awon da muka bi a wannan babi an gina shi ne a kan cewa ɓaure ba ya kawo tsami daga gida. Mangwaro, da goba, da abarba, da tsamiya kuwa kowannensu yana zuwa da nasa, wani kaɗan wani da yawa, har ya zama in aka bi awon ɓaure tsamin zai iya yin yawa. Babi na gaba zai ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda ake ɗanɗana ɗan itace tun kafin a auna masa sukari da khal, za mu kuma fara da mangwaro, wanda kowace bazara ake ganin tulinsa yana ruɓewa a gindin bishiya.